Yaye a Bakin Ƙaya

Akwai wata magana da nake ji a rediyo tana ɓata mini rai: "an samu cikas." An samu! Sai ka ce tsintuwa aka yi a bakin hanya. Ni a sanina cikas ba ya faɗowa daga sama kamar ƙanƙara. Mutum ne, yana da hula, yana da baki, sau da yawa ma ka san ƙofar gidansu. Ban riƙe alƙalami ba sai da furfura ta fara fito mini, kuma ranar da malamar ajinmu na yaƙi da jahilci ta rubuta "hana" a allo ta ce mu kwafa, na ce mata, "Malama, wannan ai na san shi tun ba a haife ki ba, fuskarsa ce dai ban taɓa gani ba." Matan aji suka kwashe da dariya. Ni ban yi ba, don na tuna wata bazara a zamanin Turawa da aka yi ta shan gabana, kowa da irin tasa tarewar, alhali jariri yana mutuwa da yunwa a gidanmu.

A lokacin ina aure a Babban Duhu, ina goyon ɗiyata ta fari. Ta yi ƙafa, tana gwarancin magana, an fara zancen yaye amma ba a sa rana ba. Maigidana ya tafi cin rani kudu, ya bar ni a hannun wansa, wanda duk gidan muke kira Yaya. Ƙanwata kuwa, wadda muke ciki ɗaya, ta koma gidanmu a Yasore goyon ciki, wurin Gwaggo, yayar mahaifinmu da ta riƙe mu tun rasuwar uwarmu.

Shekarar sanƙarau ce. Wanda bai ga wannan ciwo ba ya gode wa Allah. Mutum ya kwana lafiya, ya tashi da ciwon kai, kafin azahar wuya ya sandare ya lanƙwashe baya, ba a jima ba ka ji ana neman likkafani. Zafi kuwa kamar an kifa wa duniya tukunya. Mun ji an rufe kasuwanni wajen Batsari, an hana taron biki da na suna, amma a wurinmu abin labari ne, bai iso ba tukuna.

Ina da ƙawa Bafillatana mai kawo mana nono. 'Yan'uwanta suna da ruga kusa da Yasore, takan je ta kwana biyu ta dawo. Wata safiya ta shigo gidan ba tare da ta yi kiran talla ba, ta sauke ƙwaryarta ko faifan ba ta ɗaga ba.

"Ƙawa, zauna," in ji ta.

"Ba ni zama. Faɗi."

Ta ce ƙanwata ta sauka lafiya, namiji. Ko suna ba a yi ba ciwon ya kama ta, an fitar da ita rumfar zana a bayan gari inda ake ajiye masu ciwon. Jaririn yana hannun Gwaggo, ana ɗura masa madarar akuya da ludayi yana mayarwa. Masu goyo a garin ba wadda ta yarda ta leƙa gidan, kowa na tsoron kai wa nata.

"Da idona na gan shi," in ji ta. "Kukan ma ba ya fita. Kamar ɗan kyanwa."

Na dubi ƙirjina. Ɗiyata ta sha da asuba, amma ga shi har ya sake cika. Abin da yaron nan yake mutuwa don rashinsa, ni ina yawo da shi yana yi mini nauyi. Tsakanina da shi tafiyar yini ce kawai, sai kuma izinin Yaya.

Na same shi a zaure yana tufka igiyar rama. Na durƙusa a bakin ƙofa na gaishe shi yadda ake gaishe da manya, ina kwana, ina gajiya, yaya zafi, yaya iyali. Da na faɗa masa sai ya girgiza kai ya yi salati, ya ce Allah ya sawwaƙe, Allah ya ba ta lafiya.

"Amin, Yaya. So nike in tahi yau."

"To." Ya lashi tafin hannu ya ci gaba da murza igiyarsa. "Bari dai a ga abin da hali ya yi."

Na koma ciki na ɗaure kayana. Da hantsi ya yi na sake fitowa, ya ce ai rana ta riga ta take, wa zai saki mai goyo cikin wannan zafi, a bari ta yi sanyi. Da ta yi sanyi ya ce dare ya kusa, kuma ya ji akwai wani mai tafiya wajen Yasore gobe, gara a bari ya je ya jiyo gaskiyar magana, don ba a gina tafiya a kan zancen 'yan talla. Duk maganar da ya yi mai daɗi ce. Ba wadda za ka kama ka ce ga mugunta. Haka yinin ya wuce mini ina zarya tsakanin ɗaki da zaure kamar kaza mai neman wurin ƙwai.

Na daɗe ina juya abin da Yaya ya yi mini a ran nan, kuma har yau ban yarda a kira shi hani ba. Hani yana da mutunci. Wanda ya ce maka "a'a" ya gina maka bango, ka ga tsayinsa, ko ka haura ko ka koma. Wanda ya ce maka "bari" cikin taɓo ya saka ka, kana ta ɗaga ƙafa kana nan inda kake. Mu sunan da muke ba wannan shi ne jan ƙafa, amma a gaskiya ba tasa ƙafar yake ja ba, taka ce. Na kuma san dalilinsa. In ya ce in tafi na kwaso ciwo na kawo gida, laifinsa ne wurin ƙanensa. In ya ce kada in tafi yaro ya mutu, laifinsa ne wurin duniya. Sai ya zaɓi kada ya ce komai, ya bar rana ta yanke hukuncin a madadinsa.

Washegari na tare shi a ƙofar gida suna dawowa daga sallar asuba, shi da liman da wasu dattawa. Ɗiyata na baya, ƙunshin kayana na ka, ƙawata na tsaye a gefe. Na gaishe su, amma ban kai gwiwa ƙasa ba, kuma duk sun lura.

"Yaya, magana guda nike so. Ka hana ni, ko ba ka hana ni ba?"

"Ke, wace irin magana ce wagga gaban mutane?"

"Irin wadda ake amsawa da i ko a'a. In ka hana, faɗi liman ya ji. Wallahi sai in koma ɗaki in zauna, ba ka ƙara jin bakina. In yaron ya mutu a san wanda ya hana. In ko ba ka hana ba, ba ni jaki."

Liman ya duƙar da kai yana jan carbi. Wani tsoho ya yi tari. Yaya ya kama gemu ya saki, ya dubi gabas ya dubi yamma, can ya ce, "Ai jakin na da gyambo a baya. Da za a bari ya..."

"Ƙafata ba ta da gyambo. Dattawa, kun ji dai bai ce ya hana ba."

Na juya. Ina jiran in ji ya kira ni, don in ya furta kalmar nan dole in tsaya, fita bayan hani yaji ne, kuma aure ne zai shiga uku. Bayana har ƙaiƙayi yake yi don jira. Muka wuce rumbuna, muka wuce rijiya. Bai ce uffan ba.

Tafiyar ba ni da abin faɗa a kanta sai zafi. Ƙawata ta bi da mu burtali, hanyar shanu, don ta fi miƙewa, ita a gaba kamar ba ƙasa take takawa ba, ni a baya tafin ƙafata na toyewa. Duk inda muka samu inuwa sai in dama wa ɗiyata fura in ba ta. Ta yi ta cusa hannu cikin zanena tana kuka, ina ture ta. Ban sani ba ko daidai ne, amma a raina ajiya nake yi wa jaririn. Kafin azahar nonon ya yi tauri kamar dutsen niƙa, ya fara zuba da kansa, gaban zanena ya jiƙe ya bushe ya sake jiƙewa.

La'asar ta yi muka hango bishiyoyin Yasore, muka kuma hango abin da ƙawata ba ta baro ba. An sare ƙaya, magarya da farar ƙaya, an jibge ta a kan hanya ta kai ƙirjin mutum, an ja ta dama da hagu har cikin gonaki. A ƙarƙashin wani gawo mutane ne zazzaune da jakunansu: mai kanwa, wani mahauci ɗan garin da ragunansa da ya sayo, da wasu da ban kula da su ba. A gaban ƙayar kuma ɗan doka ne da jar dara da kulki, dogo baƙi, leɓensa duk ya tsattsage.

"Ke mai goyo, tsaya nan. Ba shiga ba fita."

"Wa ya ce?"

"Daga sama ta zo. Likita Bature ya ce, manya suka ce, ni kuma aka ce in tsaya."

"Tun yaushe?"

"Tun daren jiya."

Daren jiya! Da Yaya ya sake ni da safen nan da na roƙe shi, da na wuce babu ko tsinke a gabana. Na faɗa wa ɗan dokan abin da ya kawo ni, na roƙe shi da Allah da Annabi. Ya ce kowa a nan da uzurinsa, ga mahaucin nan ma iyalinsa na ciki. Na ce to zan zagaya ta gonaki. Ya ce akwai masu doki suna kewayawa, in suka kama ni ɗaure ni za su yi, sa'an nan ba ni ba ganin jariri. Na nufi ƙayar kai tsaye, ya sha gabana ya gitta kulkinsa.

"Koma, baiwar Allah."

"Bugi."

"Na ce ki koma."

"Na ce ka buga, mai jar dara! Ko kulkin na ado ne?"

Mutanen gawo suka miƙe. Mahaucin yana cewa, "Ke, ki rufa wa kanki asiri, hukuma ce!" Ƙawata ta kama hannuna na fizge. Na ga jijiyar wuyan ɗan dokan tana harbawa, na ga hannunsa ya ƙara damƙe kulkin. Ban san lokacin da na sassauta zanena ba. Na kama nonon na matsa, ya yi tsartuwa ya zuba a ƙasa daf da takalminsa, ƙasar ta shanye shi nan take.

"Ga abin da ka tare," na ce. "Ba kanwa ba ce, ba rago ba ne. Ba ya jiran a buɗe kasuwa. Wanda za shi sha yana bayan ƙayar nan, ko yana da rai ko babu ban sani ba. Kai za ka tsaya gaban Allah ka ce Bature ya ce?"

Ya ja baya kamar na watsa masa wuta. Ya kawar da kai. Ya daɗe yana kallon inda nonon ya zuba, sa'an nan ya yi magana, muryarsa ta sauka.

"In kin shiga, kin shiga ke nan. Ba ki fita sai ran da aka ɗauke ƙayar nan, ko da sai ruwa ya sauka ne."

"Na ji."

"Kuma yarinyar nan ba ta shiga."

"Goyo ce! Nono take sha!"

"Ko mi take sha. Tun jiya da aka ajiye ni nan nike ganin abin da ake fitowa da shi zuwa maƙabarta, kuma mafi yawa a hannu ake ɗauko su, ba a makara ba. Ke kin ga dama ki kai kanki. Ita ba ta ce tana so ba. Wanga kam na hana, ko za ki tsine mini."

Ban tsine masa ba. A duk tafiyar nan shi ne mutum na farko da ya dubi idona ya ce ya hana, ya kuma faɗi dalili. Tarewar ɗan doka kamar ƙayarsa take, kana ganinta da rana tsaka, ka san inda za ta soke ka.

To amma yaye a wurinmu ba abin da ake yi a tsaye ba ne. Ana sa rana. Malam ya yi rubutu a wanke a ba yaro ya sha don ya manta da nono, a dama masa kunu, a kai shi gidan kaka ya kwana biyu cikin lallashi, uwa ta shafa maɗaci a nono ko da zai dawo ya nema. Ni ba ni da malam, ba ni da kunu, kakar kuwa tana bayan ƙaya. Sai ƙawata ta kwance gyalenta ba tare da na roƙe ta ba, ta juyo mini baya ta duƙa.

"Kawo ta, ƙawa. Rugarmu ga ta can. In dai madara ce, sai ta ture."

Na kwance majanyi. Yarinyar ta ƙanƙame wuyana, sai da na ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Na ɗora ta a bayan ƙawata na ɗaure da hannuna, tana ihu tana miƙo hannu tana kiran Inna. Ɗiyar fari ce. Al'ada ta hana ni ko kiran sunanta, balle in rungume ta in yi kuka gaban maza. Saboda haka ban ce mata komai ba. Na ce wa ƙawata kawai, "Ba ta son fura mai tsami." Ta ce ta ji. Ta kama hanya tana yi mata waƙa da Fillanci.

Ɗan dokan ya sa kulkinsa ya janye reshe guda, ya buɗe 'yar kafa daidai mutum. Nan fa mahaucin ya taso.

"Haba yallaɓai! Mu da muka kwana nan? Mace ta zo yanzu ta zage ka ka buɗe mata?"

"Duk mai nono cikinku ya biyo ta," in ji ɗan dokan.

Har wani ya yi dariya. Na bi ta kafar, ƙaya ta kama gefen zanena ta yage, ban tsaya ba. Ina jin kukan ɗiyata yana nisa, ban waiwaya ba, don na san in na waiwaya ba zan shiga ba.

Garinmu ban gane shi ba. Lokacin dakan tuwo ne amma ba turmin da ke ƙara. Ba yara a waje, har karnuka sun yi shiru. Na shiga gidanmu da gudu ba sallama, sai ga Gwaggo ta fito daga ɗakinta, ta rame idanunta sun faɗa. Ta dubi fuskata, ta dubi jiƙaƙƙen zanena, ta dubi bayana babu goyo. Nan take ta gane. Maimakon ta matsa, sai ta buɗe hannuwa ta dafe dogaran ƙofa biyu.

"Yana da rai?" na tambaya.

"Yana da. Tsaya ki ji."

"Gwaggo, matsa."

"Na ce ki tsaya, 'yar nan! Kin san abin da za ki yi? In ya sha nononki ko sau guda ya zama ɗanki. Duk ɗiyar da kika haifa, da wadda za ki haifa nan gaba, ta haramta gare shi har abada. Ku biyu kaɗai ubanku ya bari. Ran da yaron nan ya faɗo na yi sujada na ce ga wanda zai haɗa gidan nan, ya auri ɗiyarki, zuriyar ɗan'uwana ta koma tsintsiya guda. Za ki toshe wannan ƙofa da hannunki? An aika ruga a samo madarar saniya, a bari zuwa gobe..."

"Gobe! Gwaggo, ke ma?"

Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ran nan. Matar nan ta goye ni, ta yi mini kitso, ta kai ni ɗakin miji. Ba mugunta ce ta tsayar da ita a ƙofar nan ba, buri ne da ta daɗe tana kiwo, kuma shi ya sa tata tarewar ta fi ta ɗan doka wuyar turewa. Ƙaya ba ta goye ka ba.

"Gawa ba ta aure, Gwaggo," na ce. "Ki bar shi ya rayu ya auri ko 'yar wa ce. Na yar da tawa a bakin ƙaya don in zo. Ko ki matsa, ko in bi ta ƙarƙashin hannunki."

Ba ta matsa ba, amma hannu ɗaya ya sauko, na kutsa.

Yana kwance a kan tsumma cikin ƙwarya babba. Fatarsa ta yamushe kamar ta tsoho, maɗigarsa ta faɗa ciki, baki a buɗe ba sauti. Na zauna na ɗauke shi, ba nauyi ko kaɗan. Na kai shi ga nono. Bai kama ba. Na goga masa a leɓe, na ɗiga masa a baki, ya gangaro ta gefen kumatu. Na sake. Na jijjiga shi, na hura masa fuska, na kira sunan Allah. Nonon ya cika ya yi tauri har ba abin da ƙaramin bakinsa zai kama. Na yi duk tafiyar nan, na raba ɗiyata da ƙirjina, ga shi a hannuna, kuma ba ya sha. A nan ne kukan da na riƙe tun bakin ƙaya ya ƙwace mini.

Sai na ji Gwaggo ta durƙusa kusa da ni.

"Sakarya. Haka ake ba jariri? Nonon tafiya ne, ya sha rana. Kawo."

Ta ɗebo ruwan ɗumi ta wanke mini, ta tatse na farkon a ƙasa har ya yi laushi. Ta jiƙa ɗan yatsanta da nonon ta sa masa a dasashi tana shafawa a hankali, tana cewa, "Haba maigida, haba angona, tashi ga abinci ya zo." Ta yi ta yi. Can na ga harshensa ya motsa. Ta zare yatsan ta tura kansa gare ni. Ya lasa, ya saki. Ya sake lasa. Sa'an nan na ji ya ja, ja ɗaya mai rauni kamar cizon ƙuda, sai na biyu, sai na ga maƙogwaronsa ya yi sama ya yi ƙasa.

Gwaggo ta zuba masa ido har ya haɗiye sau da yawa. Ta share fuska da gefen zane, ta tashi ta fita tsakar gida, ta ɗaga murya ta kan danga ta kira maƙwabta, mata da maza, kowa daga inda yake tsaye.

"Ku shaida! Ɗan ƙaramar ya sha nonon babbar. Daga yau ɗanta ne. Kada wani ya zo wata rana ya ce bai sani ba."

Ta faɗa tana kuka, amma ta faɗa da ƙarfi. Burinta ne ta binne da bakinta.

Ƙanwata ta tashi, amma ciwon ya tafi da jinta. Har ta koma ga Allah ba ta ji muryar ɗanta ba, kuma nononta ya ƙafe tun tana rumfar zana, don haka ni na shayar da shi har ya yi ƙafa. Ƙayar kuwa sai da aka yi ruwan shuka aka ɗauke ta. Ranar na tafi ruga da sassarfa. Na tarar da ɗiyata ta yi ɓulɓul, an yi mata kitson Filani, tana bin maruƙa. Da ta gan ni ta ruga ta ɓuya bayan ƙawata tana cewa, "Inna, ga wata." Ta daɗe kafin ta yarda ta kwana a jikina, kuma har ta yi aure ƙawata take kira Inna. Ban taɓa gyara mata ba.

Na koma Babban Duhu da jariri a baya, ɗiyata a hannu. Maigidana ya riga ya dawo daga cin rani. Mutane suka cika gidan ana barka, ana cewa an ceci rai. Ina daga ɗaki na jiyo Yaya a zaure yana gaya wa baƙi, "Ai ni dama ban hana ta ba." Gaskiya ya faɗa. Shi ya sa har yau in na ji maganar nan sai jinina ya tafasa.

Bayan shekaru, Gwaggo ta rasu, maƙwabtan da suka shaida sun ragu, yaron ya zama saurayi mai gonarsa. Wasu dangi suka zo mini da zancen haɗa shi da autata, wai gida bai ƙoshi ba ba a kai wa dawa. Na tuna musu nono. Sai wani ya ce ai abin ya daɗe, wa ya tabbatar ma, a bari a tambayi malamai, a bari a ga abin da hali ya yi. Na ce ba za a bari ba. Na sa aka kira yaron da yarinyar da duk wanda ke gidan, na tsaya a tsakar gida inda kowa zai ga bakina, har ƙanwata da ba ta ji.

"Wannan ɗana ne, wannan ƙanwarsa ce. Allah ya hana, ni ma na hana. Ni, ba wani ba. Mai jin haushi ya san ƙofar ɗakina."

Yaron ya sunkuyar da kai yana murmushi, ya ce, "Inna, ai ko ba ki tara mutane ba, wa zai auri mai irin bakinki?"

Na jefe shi da mafici.